Reshen Dogo A Kan Titi: Wa Ke Ba Da Izni A Birnin Washington?

Baƙon da ya sauka yau a babbar tashar jirgin ƙasa ta Washington, watau Union Station, ya fito ya nufi gidan Majalisa, zai ga tituna masu faɗi da itatuwa a jere, ba kuwa jirgin kaya ko ɗaya da zai tare masa hanya. Dā ba haka birnin ya ke ba. Daga wajen 1872 har zuwa 1907, jirage suna bin tsakiyar waɗansu manyan tituna, suna tuƙa hayaƙi, suna kuwwa. Mai tafiya a ƙasa da mai keken doki sai su tsaya su jira har taragu su gama wucewa. Ban da babban layi kuma, akwai waɗansu ƙananan layuka da su ke ɓallewa daga jikinsa, su ƙetare gefen titi, su shiga gidan mai sayar da kwal, ko na mai katako, ko siton wani attajiri. A kan waɗannan ƙananan layuka za mu yi magana, da kuma tambayar da ta sha kai mutanen birnin gaban alƙali: wa ke da ikon ya ce wa mutum, "Na yarda ka shimfiɗa ƙarfe a kan hanyar jama'a don amfanin cinikinka"?

Kafin mu shiga zance, bari mu daidaita kalmomi, kada mai koyon Hausa ya ruɗe. Hanyar ƙarfen da jirgin ƙasa ke bi, Hausawa suna ce mata dogo, ko layin dogo. Injin da ke gaba yana ja shi ne kan jirgi. Ɗakunan kaya da ya ke ja su ne taragu, ɗaya kuwa tarago. Ma'aikatar jirgi da unguwar da ta ke, a kan ce musu reluwe. Ƙaramin layin nan da ke fita daga babba ya shiga gidan wani, a nan za mu riƙa ce masa reshen dogo, don ya yi kama da reshe a jikin itace.

Amfanin reshe

Me ya sa attajiri zai so dogo ya zo har ƙofar sitonsa? Dalilin a fili ya ke. A zamanin da mu ke magana babu manyan motoci. In tarago ya zo da kwal ya tsaya a tasha, sai an sami lebura su sauke shi, a ɗora a keken doki, a yi ta sawu, a sake saukewa a gidan mai kaya. Kowane sawu kuɗi ne, ga ɓarnar lokaci, ga abin da ke zubewa a hanya. Wanda ke da reshe kuwa, kan jirgi zai turo masa taragonsa har cikin gida, ya kwance ya tafi, a sauke kaya a tsanake. Saboda haka yana iya sayarwa da araha fiye da maƙwabcinsa da ba shi da reshe, filinsa kuma ya ƙara daraja. Shi ma kamfanin jirgi yana so, domin wanda ya ɗaura gidansa a jikin layinka ya zama abokin cinikinka na dindindin.

To, mai kaya yana so, mai jirgi yana so. Matsalar ita ce, tsakanin babban layi da ƙofar sito akwai titi, titin nan kuwa ba na ɗayansu ba ne. Ko a ƙasar Hausa, mutum ya kan kafa rumfa ko ya gina dakali a ƙofar gidansa, amma in abin ya fara cin hanya har jaki da kaya ba ya iya wucewa, maƙwabta za su kai magana gun mai unguwa. Balle fa ƙarfe da kan jirgi.

Titin Washington na wa ne?

A yawancin garuruwan Amurka, hukumar gari ita ke kula da tituna, da ikon da jiha ta ba ta. Washington dabam ta ke, don ba ta cikin kowace jiha. Tsarin mulkin Amurka ya ce Majalisar Dokoki ta ƙasa ita kaɗai ke da ikon yin doka a yankin da gwamnati za ta zauna. Yankin nan shi ne Gundumar Kolombiya, a bakin kogin Potomac.

A shekarar 1791, Shugaba George Washington ya zauna da masu gonakin da za a gina birni a kansu, suka shirya. Filin da gwamnati ta ɗauka don gine-ginenta za ta biya fam 25 kowace eka. Filayen gidaje za a raba biyu, rabi na gwamnati, rabi na masu gona. Ƙasar da tituna za su ci kuwa, kyauta suka ba da ita, ba ko kwabo. Wani Bafaranshe mai suna Pierre L'Enfant ne ya zana birnin, ya yi wa manyan titunansa faɗin ƙafa 160. Daga baya magadan ɗaya daga cikin masu gonakin nan suka kai ƙara, suna cewa har yanzu suna da haƙƙi a ƙasar da aka bayar. A 1830 Kotun Ƙoli ta ce a'a, ƙasar ta zama ta Amurka ɗungum.

Wannan shi ne tushen maganar duka. Titin Washington mallakar ƙasar Amurka ne. Mai gida a bakin titi ba shi da shi, hukumar birni ma riƙo kawai ta ke yi. Mai magana da yawun mai titi kuwa ita ce Majalisa.

Sai a haɗa da wani abu kuma. Daga 1874 mutanen birnin ba su zaɓen masu mulkinsu. Dokar 1878 ta sa mulkin Gundumar a hannun kwamishinoni uku, biyu farar hula da Shugaban Ƙasa ya ke naɗawa, na ukun kuwa injiniyan soja. Haka aka zauna har 1967. Watau mutumin da jirgi ke wucewa ta ƙofar gidansa ba shi da ƙuri'ar da zai tsoratar da kowa da ita. Abin da ya rage masa shi ne takardar koke, da jarida, da kotu.

Kamfanoni biyu

A Amurka ta wancan zamani jirgin ƙasa na 'yan kasuwa ne. Kamfanin da ya fara shiga Washington shi ne Baltimore and Ohio, a 1835, ya kuma gina tasha a titin New Jersey, arewa da gidan Majalisa kaɗan. Ya daɗe yana cin kasuwarsa shi kaɗai. A 1867 Majalisa ta ba wani kamfani, Baltimore and Potomac, iznin shiga Gundumar, shi kuwa yana ƙarƙashin babban kamfanin Pennsylvania ne. Jirginsa ya iso a 1872. Majalisa ta zayyana masa titunan da zai bi da sunansu, cikinsu har da titin Virginia da titin Maryland a kudancin birni, zuwa gadar da ta ƙetare Potomac. Ta kuma yarda masa ya bi Titi na Shida, ya ratsa babban filin nan da ke gaban gidan Majalisa, wanda a ke kira Mall, ya gina tasha a gefensa na arewa. A cikin wannan tasha ne aka harbi Shugaba James Garfield ran 2 ga Yuli 1881.

Tun a wannan lokaci hukuma da masu jirgi suna 'yar tsama. A 1872, Alexander Shepherd, wanda shi ne ƙarfin hukumar ayyuka ta birnin, yana gyaran tituna, wani tsohon layi da ke gindin tudun Majalisa ya tsaya masa a wuya. Da masu layin suka ƙi ɗauke shi, sai ya tara lebura da dare, kafin gari ya waye sun tumɓuke ƙarafan. Mutane da yawa suka yaba masa, amma kowa ya san ba haka a ke zaman doka ba. Dole a sami ƙa'idar da za ta raba gardama.

Shari'ar 1885

Kamfanin Baltimore and Potomac ya sayi fili kusa da layinsa don ya yi wurin sauke kaya, sai dai ba ya iya kaiwa filin sai ya shimfiɗa dogo a kan titin da Majalisa ba ta ambata masa ba. Kwamishinoni suka ce ba za su bari ba. Kamfani ya kai su ƙara. Hujjarsa ita ce, tun da an yarda masa ya shigo birni da jirgi, ai an yarda masa ke nan ya yi duk abin da aikin jirgi ke bukata, gama jirgin da ba shi da wurin sauke kaya ba shi da amfani. Kotun Gunduma ta ba kamfani gaskiya. Kwamishinoni suka ɗaukaka ƙara.

A 1885 Kotun Ƙoli ta rushe wancan hukunci. Ta ce titunan Washington na Amurka ne, duk wanda zai yi amfani da su ta hanyar da ta wuce tafiyar yau da kullum, sai da yardar Majalisa, kuma yardar ta zama a fili cikin doka. Tun da Majalisa ta ɗauki wahalar lissafa wa kamfani titunan da zai bi ɗaya bayan ɗaya, to, wanda ba ta lissafa ba ba ta bayar ba. Ba a kintatar izni.

Mai karatu ya lura da abin da wannan hukunci ya jawo. In babban kamfani ba ya iya ƙara taku ɗaya na dogo a kan titi sai da doka, ina ga mai sayar da katako? Ga shi kuwa an riga an shimfiɗa rassa da yawa a kudancin birni, waɗansu da yardar hukumomin birni na dā, waɗanda ashe ba su da ikon ba da abin da ba nasu ba. Duk waɗannan rassa sai suka zama abin tuhuma. Majalisar da ke da sha'anin ƙasa duka a kanta kuma ba za ta iya zama kan kowane ɗan reshe mai tsawon yadi ashirin ba.

Dokar 1891

Kamfanin Pennsylvania ya nemi Majalisa ta warware masa wannan ƙulli. Aka yi ta ja-in-ja. Mazauna kudancin birni da jaridu suka ce a fara maganar rayukan da a ke asara a inda dogo ya gitta hanya tukuna, kafin a ƙara wa kamfani wata alfarma. 'Yan kasuwar da ke bakin layi kuwa suka ce in babu rassa, kwal da katako da abinci za su yi tsada, kowa zai ji a jikinsa. Ko wane ɓangare yana da tasa gaskiya.

A watan Janairu 1891 aka yi dokar. Ta halatta waɗansu rassan da aka riga aka yi. Sa'an nan ta ba kwamishinoni ikon su yarda wa kamfanin ya fitar da reshe daga babban layinsa zuwa filin da ke bakin titin da layin ke bi, in filin na masana'anta ne ko na ciniki, kuma a cikin yankin da dokar ta iyakance a kudancin birni. Ta ɗora sharaɗi guda mai nauyi: sai in kwamishinoni sun ga abin zai amfani jama'a.

Daga nan hanyar neman izni ta zama hawa uku. Mai kaya ya shirya da kamfanin jirgi kan wanda zai biya kuɗin ƙarfe da aiki. Kamfani ya kai takarda da zanen wurin gun kwamishinoni, injiniyoyinsu su duba. Su kuma kwamishinoni ba za su ba da izni ba sai a cikin da'irar da Majalisa ta zana musu. Abin da ya fita daga da'irar, sai a koma Majalisa a nemi sabuwar doka. Haka aka yi a 1932, sa'ad da a ke so a kai dogo unguwar Buzzard Point, inda kogin Anacostia ya kusa haɗuwa da Potomac. Sai da Majalisa ta yi doka ta musamman, aka kuwa buɗe gidan wutar lantarki a wurin a 1933.

Sharuɗɗan da a kan ɗora wa irin wannan izni a biranen Amurka kusan iri ɗaya ne. A binne ƙarfe daidai da fuskar titi, yadda ƙafar keke za ta haye ba ta karye ba. Mai reshe shi zai gyara titin da ke tsakanin ƙarafan da gefensu, da kuɗinsa. Ba a barin tarago a tsaye a kan hanya. In kan jirgi zai gitta, a tafi a hankali, mutum ya tsaya da tuta yana tsai da masu wucewa. Babban sharaɗi kuma shi ne, mai ba da izni yana iya janye shi. Ita kanta Majalisa ta saba rufe irin waɗannan dokoki da cewa tana da ikon ta gyara su ko ta soke su duk ran da ta ga dama. Watau aro aka ba mai reshe, mai aro kuwa ya san akwai ranar mayarwa.

Amfanin mutum ɗaya ko na jama'a?

Mai karatu zai iya tambaya: yaya reshen da ya shiga gidan mutum ɗaya zai zama amfanin jama'a? Alƙalan Amurka sun sha fama da wannan tambaya. A 1908 wata ƙara ta zo Kotun Ƙoli daga jihar Virginia, maƙwabciyar Washington. Kamfanin jirgi ya karɓi filin wani mutum, da biyan diyya, don ya kai reshe wajen wata masana'antar taba. Mai fili ya ce an ƙwace nasa ne don a azurta wani. Kotu ta bar hukuncin kotunan jihar yadda ya ke, domin an nuna cewa sauran jama'a ma suna iya lodi da sauke kaya a reshen, kuma yana ƙarƙashin dokar da ke kan babban layi. Ma'aunin ke nan: in ƙofar reshe a buɗe ta ke ga wanda ya zo da kaya, ana lissafa shi cikin hanyoyin jama'a, ko da mutum ɗaya ne ya fi cin moriyarsa.

Akwai kuma wani haɗari ta ɗaya gefen. Kamfanin jirgi yana iya yi wa abokinsa reshe ya hana abokin hamayyar abokin nasa, ta haka ya kashe wanda ya ga dama a kasuwa. Don a toshe wannan kafa, dokar ƙasa ta 1906, wadda a ke kira dokar Hepburn, ta wajabta wa kamfanonin jirgi su haɗa layinsu da reshen duk mai kayan da ya nema, muddin haɗin zai yiwu ba tare da haɗari ba, kuma kayan sun isa su biya wahalar. Amma wannan doka tsakanin mai kaya da mai jirgi ta ke. Maganar titi tana nan a hannun mai titi.

Haƙƙin maƙwabci

A ce an sami izni, an cika sharuɗɗa. Shi ke nan mai jirgi ya yi abin da ya so? Amsar wannan ta fito ne daga wata majami'a a kudancin Washington, tun kafin shari'ar 1885.

Majami'ar Baptis ta Biyar tana kan titin D. Kamfanin Baltimore and Potomac ya zo ya gina gidan ajiye kawunan jirgi da wurin gyaransu jikin bangonta, da bututun hayaƙi 16 waɗanda ba su kai tsawon tagogin majami'ar ba. Kawunan jirgi suna shiga suna fita ta kan hanyar masu tafiya a ƙasa, dab da ƙofar da masu ibada ke bi. Ran Lahadi hayaƙi da toka su cika ɗaki, ƙarar tururi da guduma da ƙararrawa su hana a ji mai wa'azi. Majami'a ta kai ƙara, aka yanke mata diyyar dala 4,500. Kamfani ya ɗaukaka ƙara, yana cewa Majalisa ce ta ba shi iznin shigowa birni da yin gine-ginen da aikinsa ke bukata.

A 1883 Kotun Ƙoli ta tabbatar da diyyar, alƙali Stephen Field ne ya rubuta hukuncin. Abin da ya nuna shi ne, iznin hukuma yana kare kamfani daga tuhumar hukuma, watau ba za a ce ya tare hanyar jama'a ba bisa doka ba. Amma iznin bai ba shi damar ya hana maƙwabci zaman gidansa ba. Majalisa ba ta ce a gina gidan inji a jikin majami'a ba, kamfani ne ya zaɓi wurin, yana kuwa iya zaɓen wani.

A 1914 kotun ta ƙara fayyace iyakar. Wani mai gida kusa da bakin ramin da jirgi ke bi ta ƙarƙashin tudun Majalisa ya kai ƙarar kamfanin da ke riƙe da tasha. Kotu ta raba cutar biyu. Ƙara da girgiza da hayaƙin da duk mazauna bakin layi ke sha tare, ba a biyan diyyarsu, tun da doka ta yarda da layin. Amma hayaƙin ramin da a ke hurowa da fanka ya fito ya afka wa gidansa shi musamman, wannan sai an biya shi.

Yadda dogo ya bar titi

Rigima kan reshe ɗaya ɗaya ba ta ƙare ba sai da aka taɓa babban layi. A 1901 Majalisa ta yi dokokin da suka sa kamfanonin biyu su raba dogo da titi a tsakiyar birni, ko su ɗaga shi bisa gada, ko su nutsar da shi ƙasa. A shekarar nan kuma wani kwamiti da Sanata James McMillan ya kafa yana shirin gyara birnin. Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin, maginin nan Daniel Burnham, ya sadu da Alexander Cassatt, shugaban kamfanin Pennsylvania, a Landan, Cassatt ya yarda ya janye jirginsa daga Mall in gwamnati za ta taimaka da kuɗin haƙa rami ta ƙarƙashin tudun Majalisa. Dokar 1903 ta haɗa kamfanonin a tasha guda. Jirgin farko ya shiga Union Station a watan Oktoba 1907. Aka rushe tsohuwar tashar Titi na Shida, a wurinta ne aka buɗe babban gidan ajiye zane-zane na ƙasa a 1941.

Rassa ba su ƙare nan take ba, sai dai suka koma gefen gari da bakin kogi. A 1910 kamfanin Baltimore and Ohio ya kai layi unguwar Georgetown, jirgin kaya yana bin titin K a bakin Potomac, yana kai kwal da kayan gini. Abin da kotu ba ta kashe ba, babbar mota ta kashe shi. Da tituna suka gyaru, lori ya zama yana kai kaya kowace ƙofa ba tare da ƙarfe ko iznin Majalisa ba, masana'antu kuma suka ƙaura bayan gari. Jirgin ƙarshe ya bar Georgetown a 1985. Hanyar da ya ke bi zuwa unguwar ta zama ta masu keke da masu yawo a ƙasa.

Mulkin birnin ma ya sake. Dokar 1973 ta ba mutanen Washington ikon zaɓen magajin gari da majalisarsu, wanda ke son yin wani aiki a kan titi yanzu ma'aikatar sufuri ta birnin ya ke nema wa izni. Duk da haka Majalisar ƙasa tana da ikon soke dokar da birnin ya yi. Jiragen kaya kuma suna nan suna ratsa kudancin birni, bisa gada da cikin ramin titin Virginia, wanda kamfanin CSX ya gama sake ginawa a 2018, bayan doguwar gardama da maƙwabta.

A gwada da Kano

Mai koyon Hausa zai so ya san yadda abin ya kasance a ƙasar masu harshen. Dogo ya isa Kano a 1911, ba a kuwa shigar da shi cikin ganuwa ba, a waje aka yi tasha. Kamfanonin Turawa suka kafa kantuna da situna kewaye da ita, gyaɗa ta riƙa zuwa a kan jakuna da raƙuma, daga baya a cikin motoci, ana tara buhuna dala dala a bakin dogo kafin a yi lodinsu zuwa Ikko. A nan ma wanda sitonsa ke jikin layi ya fi wanda ke nesa.

Amma tsarin ikon dabam ne. Reluwe ta Nijeriya ta gwamnati ce tun farko, ma'aikata ce cikin ma'aikatunta har 1955, sa'ad da aka mai da ita hukuma mai zaman kanta. Dokar ƙasa ta 1910 kuma ta sa dukan ƙasar Arewa a hannun Gwamna, kamfani ba ya samun fili sai da takardar izni. Mai jirgi da mai ƙasa hannu ɗaya ne, saboda haka irin shari'ar da aka yi a Washington tsakanin kamfanin jirgi da hukumar birni ba ta da wurin tasowa. A Kano unguwar ciniki ce ta taso ta kewaye dogo. A Washington kuwa dogo ne ya tarar da birni a zane, ya nemi a matsa masa.

Abin da za a riƙe

In mai karatu ya tattara abin da ya gabata, zai ga ƙa'idodi uku da birnin Washington ya samu da wahala. Na ɗaya, hanyar jama'a tana da mai ita, shi kaɗai ke ba da iznin a sa mata ƙarfe, kuma sai ya faɗa a fili, kamar yadda aka yanke a 1885. Na biyu, in mai ita ya wakilta wani, kamar yadda Majalisa ta wakilta kwamishinoni a 1891, wakili ba ya wuce inda aka tsayar da shi, iznin da ya bayar kuma yana da sharaɗi, ana iya karɓe shi. Na uku, takardar izni ba ta shafe haƙƙin maƙwabci, yadda 'yan majami'ar titin D suka nuna a 1883.

Rassan dogo sun kusa ƙarewa a titunan birnin, amma masu neman aron titi ba su ƙare ba. Mai jan wayar lantarki, da mai binne bututun ruwa, da mai gidan abincin da ke son jera kujeru a bakin hanya, duk sai sun amsa tambayoyin da mai sayar da kwal ya amsa a zamaninsa: wa ya ba ka, da wane sharaɗi, wa kuma zai biya in maƙwabcinka ya cutu.